Yadda ake kwatanta farashi da garantin babbar mota tsakanin Najeriya, Benin da Nijar

Mota iri ɗaya, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, amma kuɗin da dila zai yanka maka a Abuja daban, na filin motoci a Kwatano daban, na Yamai ma daban. Wanda ya tashi sayen Land Cruiser ko Lexus LX ko Range Rover yakan ji wannan rata ta waya, nan take zuciyarsa ta karkata inda aka fi sauƙi. Ba laifinsa ba ne. Sai dai masu ƙera waɗannan motoci ba sa yi wa wata ƙasa rangwame don ƙauna. Duk inda ka ga rata mai yawa, kusan kullum ɗaya ne cikin huɗu: harajin da ba a biya ba tukuna, canjin kuɗi, kayan da babu su a jikin motar, ko garantin da ba zai tsallaka iyaka tare da ita ba. Aikin mai saye shi ne ya gano wanne ne kafin kuɗinsa su bar hannunsa. Ga yadda ake bi.

Da farko, tabbatar da cewa mota ɗaya kake kwatantawa

Suna ba ya wadatarwa. Ɗauki Land Cruiser 300 da ta fito a 2021. Akwai mai injin fetur lita 3.5 mai turbo biyu, akwai mai injin gas lita 3.3, akwai kuma mai tsohon injin lita 4.0 marar turbo wanda ake kai wa ƙasashen Larabawa da Afirka. A kasuwar Larabawa ajinta ya tashi daga GX zuwa GXR, VX, VXR da GR Sport, kuma tsakanin ta ƙasa da ta sama akwai kuɗin da za su sayi wata motar sukutum. Amurka ba a kai mata 300 ba sam. Lexus LX 600 aka ba ta, kuma abin da ake sayarwa can da sunan Land Cruiser tun 2024 jinsin Prado ne mai injin lita 2.4 haɗe da batir. Don haka in wani ya ce maka yana da “Land Cruiser ta Amurka, sabon yayi” a farashi mai daɗi, wata mota yake nufi, ba wadda ka gani a shagon Abuja ba.

Abin da za ka nema daga kowane mai sayarwa shi ne lambar casis, wadda ake kira VIN. Haruffa ne da lambobi 17, babu I, babu O, babu Q a cikinsu. Harafin farko ƙasar ƙira yake nunawa: J Japan, W Jamus, S Ingila, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. Kada ka yi mamaki in ka ga Mercedes GLE ko GLS ta fara da 4, ko BMW X5 ta fara da 5, domin a Alabama da Karolaina ta Kudu ake haɗa su. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada, harafi na goma shekara ce: L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024, S 2025.

Wannan harafi na goma shi ne maganin wata sana'a da ta bunƙasa a Legas da Abuja, wato sauya wa tsohuwar mota fuska. A ɗauko LX 570 ta 2010, a canza mata fitilu da bamba da sitiyari, ta fito kamar ta 2020. Wanda ya yi wa motarsa haka don jin daɗinsa bai cuci kowa ba. Wanda ya sayar da ita a kuɗin ta 2020 ɓarawo ne, kuma lambar ce ke tona shi. Ka duba ta a gindin gilashin gaba, ka duba a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka sa makaniki ya leƙa wadda aka buga a jikin ƙarfen casis, sannan ya jona na'urar bincike ya karanto wadda ke cikin kwamfutar motar. Huɗun nan su zo ɗaya. Dilan da ya ƙi turo maka lambar tun a waya ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu, mayar da kowane farashi zuwa kuɗi ɗaya, a rana ɗaya

Benin da Togo da Nijar sefa suke kashewa, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira ba haka take ba. Kafin a sake ta a watan Yunin 2023, dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Motar da kuɗinta bai canza ko sisi ba a Kwatano ta ninka fiye da sau biyu ga mai riƙe da naira. Shi ya sa labarin wani da ya sayo da araha shekarun baya ba hujja ba ne yau.

Ka mayar da farashin kowace ƙasa zuwa dala ko yuro, kuma ka yi lissafi da canjin da kai za ka samu a hannu, a kasuwar canji ta Wapa ko Zone 4 ko bankinka, ba wanda aka karanta a labarai ba. Ka tambayi dila kwana nawa farashinsa zai tsaya. Manyan shaguna a Najeriya da yawa da dala suke lissafi a zuci ko da da naira suka rubuta maka, kuma takardar farashinsu ba ta daɗewa.

Na uku, haraji da hanya: nan ratar take ɓuya

Yawancin motocin da ke jibge a filayen Sekanji, kan hanyar Kwatano zuwa Seme, ba a biya musu kuɗin fiton shiga kasuwar Benin ba. Kayan wucewa ne, an rubuta cewa wata ƙasa za su. Farashin da aka faɗa maka a can farashin mota ne tsirara. Na shagon Abuja kuwa, in dai shagon na gaskiya ne, ya ƙunshi kuɗin fito, harajin ƙari, VAT, kuɗin tashar ruwa, ladan ejan da ribar dila. Wanda ya jera waɗannan biyun kai tsaye ya ce ɗaya ta fi araha bai fara lissafi ba.

Ƙasashen yankin sun amince da jadawalin kuɗin fito na bai-ɗaya wanda ya fara aiki a 2015, mai matakai biyar: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Amma kowace ƙasa tana ɗora nata a kai. VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, a Benin da Togo kashi 18, a Nijar kashi 19. In ka tsaya nan sai ka ce Najeriya ta fi sauƙi. Ba haka ba ne kai tsaye, saboda Najeriya tana ɗora wa motoci harajin ƙari don kare masana'antun haɗa mota na cikin gida. Tsarin da aka fara aiki da shi a 2014 ya kai harajin sabuwar ƙaramar mota kashi 70: fito 35, ƙari 35. An sha yi masa gyara tun daga lokacin, don haka adadin da za ka yi aiki da shi shi ne wanda ejan mai lasisi zai rubuto maka a makon da za ka biya.

Ga misali don a ga yadda lissafin ke hawa kan juna. A ce mota ta iso tashar ruwa a kan dala 100,000, har da kuɗin jirgi da inshora. A ce fito kashi 20 ne, ƙari kashi 15. Ka ga 135,000 ke nan. VAT ba a kan 100,000 ake cire shi ba, a kan 135,000 ne, wato 10,125. Jimla 145,125, ba a sa kuɗin tasha da na ejan da na ɗauko ta zuwa Kano ba. A ƙasar da babu ƙarin amma VAT ɗinta kashi 19 ne, 120,000 za a ɗora wa 22,800, ya zama 142,800. Ratar da ake ta kururutawa ta koma abin da bai taka kara ya karya ba. Kuma tun 2022 kwastan ta Najeriya da lambar casis take ƙiyasta darajar mota, ba da rasit ɗin da ka miƙa mata ba, saboda haka rage kuɗi a takarda bai cika yin amfani ba.

Saura hanya. Daga 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta haramta shigo da motoci, sababbi da tsofaffi, ta iyakokin ƙasa. Sai ta tashar ruwa, irin su Tin Can da PTML a Legas. Kafin ka ba kowa kafin alƙalami a kan motar da ke Kwatano ko Maraɗi, ka je ofishin kwastan da kanka ka ji matsayin wannan doka a ranar. Kada ka ɗauki fatawar wanda zai ci la'ada. Kowa ya san tsohuwar hanya: a rubuta mota za ta Nijar, ta hau arewa ta Malanbil da Gaya, daga nan ta sulalo ta wajen Ƙonni da Illela ko Maraɗi da Jibiya da dare. Ita kanta hanyar ta rikice bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, kayan Nijar suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙaru, kuɗi suka ƙaru. Nijar ta kuma fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ko da yake tana nan da sefarta.

Motar da ta shigo ta bayan gida ba ta da ranar kwanciyar hankali. Jami'an kwastan suna da ikon tsare ta a kan hanyar Kaduna ko a ƙofar shago ko bayan shekaru, ko da kai ne mutum na uku da ya saye ta. A 2019 sun rufe shagunan dillalan motoci a garuruwa da dama saboda wannan magana, a 2024 kuma suka ba da wa'adin kwana 90 ga masu irin waɗannan motoci su zo su biya. A ganina mutumin da ke da kuɗin LX 600 ba shi da uzurin tuƙa ta yana waige.

Ga ɗan Nijar lissafin ya juya. In ya sayi mota a shagon Kano ko Abuja, ya biya harajin Najeriya da ke cikin farashin, sannan duwan, wato kwastan ta Nijar, ta karɓi nata kafin a ba shi lambar ƙasarsa. Haraji biyu a kan mota ɗaya. Gara ya ɗauko ta daga tashar ruwa a matsayin kayan wucewa, ya biya sau ɗaya a gida. Wanda kuma zai shiga maƙwabciya da motarsa don ziyara ko kasuwanci, takardar shiga ta wucin gadi da inshorar ƙetare iyaka yake buƙata, kuma takardar tana da wa'adi. Ba lasisin zama da mota ba ce.

Na huɗu, garanti: tambayi wanda zai gyara, ba wanda zai sayar ba

Garanti alkawari ne da aka ɗaura wa kasuwar da aka yi motar dominta. Lexus a Amurka tana ba da shekara 4 ko mil 50,000 a kan motar gaba ɗaya, da shekara 6 ko mil 70,000 a kan inji da giya. Mercedes da BMW a can shekara 4 ko mil 50,000, wato wajen kilomita 80,000. Lambobi ne masu daɗin ji, dillalai kuma suna son ambatonsu. Amma littafin garantin ya faɗi yankin da alkawarin ke aiki, kuma Afirka ta Yamma ba ta ciki. Da motar ta hau jirgi, garantin ya tsaya a bakin teku. Haka abin yake ga mafi yawan motocin da 'yan kasuwa ke ɗaukowa daga Dubai: sababbi ne fil, ledar kujeru ma ba a cire ba, amma ba ta hannun wakilin kamfani na ƙasarka suka shigo ba, shi kuwa ba dole ne ya ɗauki nauyinsu ba.

Saboda haka ka san wakilan. A Najeriya Weststar ce babbar wakiliyar Mercedes-Benz, Coscharis ke riƙe da BMW da Land Rover, Toyota kuma tana da wakiliyarta Toyota Nigeria da dillalai irin su Elizade. A Benin da Togo da Nijar CFAO ce ke sayar da Toyota. Ka ɗauki lambar casis ka kai wa sashen gyara na wakilin da ke ƙasar da za ka zauna da motar, ka yi masa tambaya uku, ka roƙi amsa a rubuce. Shin wannan lambar tana cikin garanti a wurinku? Yaushe ya fara, yaushe zai ƙare? In inji ya sami matsala a Kano ko Damagaram, ina za a kai ta, kuma wa zai biya kuɗin ɗaukarta?

Tambaya ta biyu tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Garanti yana fara ƙirga ne daga ranar da aka fara sayar da motar, ba ranar da ta zo hannunka ba. Motar da wani ɗan kasuwa ya saya daga wakili ya ajiye wata goma ta riga ta cinye wata goma, ko da ba ta yi tafiyar kilomita ɗari ba. Abin da aka fi gani wurin wakilan yankinmu shi ne shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga zuwa, da sharaɗin a yi sabis a garejinsu kan lokaci a buga hatimi a littafi. Ga mazaunin Legas ko Abuja wannan ba wuya. Ga mazaunin Gusau ko Tawa, kowane sabis tafiya ce, kuma kuɗin tafiyar yana cikin farashin motar ko ba a rubuta ba. Ka tambaya kuma ko sabis ɗin da aka yi a garejin wakili na maƙwabciyar ƙasa yana karɓuwa, don mai zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi zai buƙaci hakan.

Kada a ce sabuwar mota mai tsada ba ta lalacewa. A 2024 Toyota ta yi kiranye ga motoci sama da 100,000 a Amurka, Tundra da LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, kuma maganin da ta bayar shi ne sauya injin kyauta. Wanda tasa ke Amurka ya kai an sauya. Wanda ya sayo irinta ya kawo Kano sai ya nemi mai sauraronsa. Shafin hukumar NHTSA ta Amurka yana nuna kiranyen da ba a yi wa mota ba in ka sa lambarta, kuma kyauta ne.

Abubuwa biyu suna kashe garanti nan take: motar da inshora ta rubuta a matsayin wadda ta lalace aka yi gwanjonta, da motar da aka yi wa sulke a wani kamfani daban. Mai son mota mai sulke a Najeriya ya sani kuma sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kafin ta shigo.

Na biyar, duba kayan cikinta da idon inda za ka tuƙa ta

Motar Kanada tana zuwa da kujeru da sitiyari masu ɗumi, wani lokaci da tsatsa a ƙarƙashi saboda gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara. Ta ƙasashen Larabawa an yi ta ne don zafi da ƙura: na'urar sanyaya mai kaiwa har kujerun baya, akwatin sanyi a tsakiya, tankin mai biyu da suka haɗa lita 110 a Land Cruiser 300. Ga mai bin hanyar Agadas ko Maiduguri a watan Afrilu, wannan ya fi rufin gilashi amfani nesa ba kusa ba.

Mai shi ne babbar magana. Motocin gas na Turai an yi su ne don man da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, suna da matatar hayaƙi da tankin ruwan AdBlue. Ma'aunin da ƙasashen ECOWAS suka amince da shi a 2020 kashi 50 ne cikin miliyan, kuma abin da ke cikin jarkar bakin hanya ba ya bin ma'aunin kowa. In matatar ta toshe, mota ta rage gudu da kanta. In ruwan AdBlue ya ƙare, wasu ba sa tashi sam. Manyan injinan fetur masu turbo kuma da yawansu fetur mai daraja ta sama suke so, alhali gidajen manmu galibi iri ɗaya suke sayarwa. Ka buɗe murfin tanki ka karanta abin da aka rubuta, ka tambayi makanikin da ya saba da irin motar yadda take yi da manmu.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata rai. Agogon motar Amurka da mil yake ƙirga, sai ka ninka da 1.6 kafin ka san tafiyar da ta yi. Rediyonta yana tsallake wasu tashoshi. Taswira da manhajar kunna mota daga waya da maɓallin neman agaji yawanci ba sa aiki a nan, ko da yake kuɗinsu na cikin farashin. BMW da yawa ba su da safayar taya. Ƙafa mai inci 22 da shokazoba mai iska suna da kyau a Maitama, amma ka tambayi kuɗin guda ɗaya da kwanakin da za a jira kafin ta iso.

Na shida, tarihin motar

In ta hannu ce daga Amurka ko Kanada, ka sayi rahoton Carfax ko AutoCheck da kanka, kada ka karɓi hoton da dila ya turo. Ka kuma sa lambar a intanet, domin hotunan gwanjon Copart da IAA sukan fito, ka ga motar yadda take ranar da ruwa ya ci ta ko aka murƙushe gabanta. Motocin alfarma da ake sacewa a Kanada, musamman Lexus RX da Range Rover, an sha gano su a Ghana da Najeriya, kuma Interpol tana da rumbun lambobin motocin sata. Ka bi ta ofishinta da ke rundunar 'yan sanda a duba maka. Motar sata ko ka biya mata kuɗin fito cif, ƙwace ta za a yi.

Na bakwai, jera lissafi sannan ka biya

Yanzu ka ɗauki takarda, kowace mota da layinta: kuɗinta da dala, haraji har ta sami lambar ƙasarka, kuɗin kawo ta ƙofar gida, inshora ta shekara, watannin garantin da wakili ya tabbatar a rubuce, da kuɗin abin da za ka sauya don ta dace da hanya da mai. Wadda ba ta da garanti ka ƙara mata wani abu na ajiya, gwargwadon kuɗin babban gyara ɗaya. Sau da yawa a nan ne motar shagon wakili, wadda ta fi tsada a waya, take matsowa kusa da sauran ko ta wuce su. Wani lokaci kuma ta waje ce ke cin nasara da gaske, musamman ta hannu mai shekara uku ko huɗu wadda garantinta ya ƙare ko ina take. A irin wannan, tsabtar takardu da lafiyar inji kawai ake saye.

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka cika kuɗi sai ka ga motar, ka ga takardun kwastan na asali, ka kai lambar takardar fito ofishin kwastan an tabbatar cewa lambar casis ɗin da ke jiki ita aka biya wa, kuma an biya daidai da shekararta da ajinta, don ana biya wa VXR kuɗin GX, daga baya a bi mai mota cikon. Ka biya ta banki zuwa asusun kamfanin da sunansa ke kan rasit. A rubuta yarjejeniya da lambar casis, da tafiyar da agogo ya nuna, da sharaɗin mayar da kuɗi in takarda ta fito ta bogi, shaidu biyu su sa hannu. Ka karɓi makulli biyu. In ɗaya aka ba ka, ka sa a goge wanda ya ɓata daga kwamfutar motar kafin ta kwana a gidanka. In gilashinta mai duhu ne, ka nemi izinin 'yan sanda tare da rajistar lamba.